Dilan da Na Kashe Bayan Ya Mutu

Mahaifina maharbi ne na gaske. Ni kuwa ɗan maharbi ne kawai, kuma tsakanin biyun nan akwai tafiya mai nisa. Shi idan ya shiga dajin da ke bayan Fakku sai ya yi kwana uku ba a gan shi ba, ya dawo da abin da sai mutum biyu sun taya shi saukewa. Ni ko zabuwa ce ta tashi fir a gabana sai na yi salati na dafe ƙirji. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar mini rigarsa mai layu, wadda in na sa ta sai kafaɗuna su kwana suna ciwo, ya kuma bar mini sunan da ya fi rigar nauyi: wai a gidanmu ake samun maganin tari.

Maganin nan da huhun dila ake yin sa. A shanya huhun a inuwa har ya bushe ƙamas, a daka shi da citta da kanumfari da masoro, a kwaɓa da zuma, mai tari ya riƙa lasa safe da yamma. Hujjar mutanenmu ita ce dila yana wuni yana gudu bai yi haki ba, kuma in ya yi kuka a bakin fadama ana jin sa har ƙauye na gaba. To mai irin wannan ƙirji ai ba zai rasa abin da zai sam ma ɗan Adam ba.

Ba a yi sadakar arba'in ɗin tsoho ba wata mata ta zo daga wajen Kebbe, mijinta na fama da tari. Na leƙa tandun da tsoho ke ajiye maganin, babu ko na lasa. Kunya ta hana ni in ce babu. Na ce ta dawo bayan mako guda. Ranar kasuwar Tambuwal na tafi layin mahauta, can inda ba wanda ya san ni ɗan wane ne, na sayi huhun akuya. Mijin matar nan ya warke sarai. Ko citta ce, ko zuma ce, ko kwanansa ne ke gaba, Allah ne masani, amma dai dila aka yi wa godiya.

Haka na yi shekara talatin da ɗoriya. Ana zuwa daga Jabo, ana zuwa daga Sanyinna, Fulani na tsayar da shanu a bakin hanya su aiko. Mai ɗakina kaɗai ta san gaskiya, don ita ke shanyar. In na dawo daga kasuwa da leda a ƙarƙashin riga sai ta tarbe ni da fuska a ɗaure kamar gaske, ta ce, "Sannu da daji, Maigida. Dilan na yau ja na, ko mai farin goshi? Ƙahon fa, can ka baro shi?"

Mutum ɗaya ne a garinmu bai taɓa lasar maganina ba, shi ne ladanin masallacinmu. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna tsirara nake kiran sa bawana, shi kuma yana cewa bai taɓa ganin ubangida mai yagaggen wando irina ba. Ya yi karatu daidai gwargwado, ba kamar ni da allona ya tsaya tun a ƙananan surori ba. Duk inda muka haɗu a majalisa sai ya tayar da zancen. Ya ce naman duk abin da ke farauta da haure makaruhi ne, dila kuwa ƙanen kare ne, ni kuma ina ɗura wa Musulmi shi da zuma. Ni in yi shiru in sha zagi a kan laifin da ban yi ba, don in ɓoye wanda na yi.

Murya kuwa Allah ya ba shi. Kafin a sa mana lasifika, daga kan tudun masallaci yake kira, masu ban ruwa a fadama su ji su ajiye aiki. Abin da ya fi so a duniya shi ne kiran magariba na watan azumi. Gari duk ya yi tsit, kowa da ƙoƙon koko ko dabino a hannu, ba a jiran kowa sai shi. Yakan ce mini ko hakimi bai taɓa samun irin wannan sauraro ba.

To shekarar da nake ba da labari, ana saura wata biyu azumi, tari ya kama shi. Tun ana cewa mura ce har ta wuce mura. In ya ɗaga murya sai ta tsage a tsakiya, lasifika kuma ba ta da rufin asiri, ta kwashi tarin ta watsa wa gari har da kakin. Aka sa wani tela ya riƙa taimaka masa. Telan nan mutumin kirki ne, muryarsa ma ba laifi, sai dai yana da wasuwasi. Rana za ta faɗi, ja ya kwanta, kaji su shige akurki, shi yana tsaye yana leƙen yamma yana duba agogo, wai a ƙara tabbatarwa. Liman ya tara dattawa, aka yanke cewa tela zai fara azumi da kira, in goma ga wata ta wuce muryar ladan ba ta dawo ba, to makullin akwatin lasifika ya zama na tela ke nan har gaba.

Kwana biyu da wannan magana, bayan la'asar, ina gindin rumbuna ina gyaran igiya sai na ji tari a bayana. Na waiga, ga ladan ya biyo ta bayan gida, ta hanyar da awaki ke bi.

Na ce, "A'a, bawana! Ƙofar zaure ta ɓace maka?"

Bai rama ba. Nan na san abin ya kai inda ya kai. Ya tsuguna, ya ɗauki wani kara yana zane a ƙasa, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Na dibi littafi. In larura ta zaka, akwai sassauci."

"Sassaucin mi?"

"Kai dai ka san abin da nika nufi. Kada ka sa in faɗi da bakina."

"Wai ƙanen kare kaka so?"

Ya ɗago ya harare ni, tari ya turnuƙe shi har ya dafa rumbu. Da ya lafa ya ce, "Shekara ashirin da bakwai ban taɓa barin magaribar azumi ba. Ka ba ni na ƙwarai, ba wanda kaka ba Fulani ba. Kuma in wani ya ji, ni da kai har Lahira."

Ya tafi ya bar ni da igiya a hannu. Na ƙwarai, in ji shi. Ka ga, duk mutanen da na ba huhun akuya ban taɓa jin komai a raina ba, don ba su ajiye komai ba kafin su zo. Wannan kuwa ya ajiye girmansa da karatunsa a gindin rumbuna. Na shiga gida na ce wa mai ɗakina ta fito mini da rigar tsoho da tarkonsa, wannan karon dila na gaske zan kamo.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To in ka tafi, wa za ni ce ya gaji gonar?"

Diloli ba su da wuyar gani a wajenmu lokacin rani, don suna shiga gonakin kankana a fadama su fasa wadda ta fi nuna, su ci zuciyar su bar maka ɓawo. Wuyarsu kamu. Na ɗana tarko a bakin gonar wani maƙwabcina kwana fuɗu. Ranar farko ba komai. Rana ta biyu na samu zabuwar mai gonar a ciki, muka yi shari'a a tsaye. Rana ta uku dila ya zo ya cinye kan kifin da na sa, ya yi kashi daidai gefen tarkon ya tafi. Rana ta fuɗu na manta inda na binne tarkon, ya kama mini takalmi, Allah ya taimake ni na roba ne mai faɗi, ƙafata ta zare.

Sai na canza dabara. Wani makiyayi ya nuna mini wani rami a gindin tsohuwar kuka, ya ce nan suke kwana. Na zo da fartanya da hantsi na hau tono. Ƙasar wurin baƙa ce mai laushi, ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsaye na shekaru sun haɗe, in ka sara sai wani gari ya tashi mai warin tsohon rumbu. Na cusa kaina cikin ramin har kafaɗa, ina atishawa ina tono, har rana ta take. Abin da na samu gashi ne da ƙashin ƙadangare.

Na ratayo fartanya na kamo hanyar gida ina tsara ƙaryar da zan yi wa ladan. Ina cikin sabara sai na ji tari. Tari sosai, irin na tsohon da ya daɗe yana shan taba. Na yi sallama. Aka sake tari. Na ce, "Sannu, bawan Allah, wa ke nan?" Na ɗaga reshe, sai ga ni ga dila.

Yana kwance a kan haƙarƙarinsa a inuwa. Ya rame har ana ƙirga ƙasusuwansa, gashin ya zube wuri-wuri, majina ta bushe masa a hanci. Cikinsa na shiga yana fita da sauri kamar zugazugin maƙeri. Ya dube ni, na dube shi. Da mai lafiya ne da ko ƙurarsa ban gani ba, wannan kuwa ko kunne bai ɗaga ba. Gaskiya ni ne na fara ja da baya. Na tuna ladan, na dawo, na ɗaga ƙotar fartanya da hannu biyu, na yi bisimilla, na rufe ido. Ina nan a haka hannu a sama na ji ya yi wani dogon tari, sannan shiru. Na buɗe ido ɗaya. Ya miƙe ƙafafu, ya riga ni.

Na tsaya jim. Tausayi ya ɗan kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma da yake na riga na ɗaga, sai na sauke ƙotar a ƙasa kusa da kansa, tim, don in an tambaye ni in rantse na yi duka.

Daga sabarar nan zuwa gidana akwai gajeriyar hanya ta bayan gari. Ban bi ta ba. Na saɓa dila a kafaɗa, rigar layu na kaɗawa, na ratsa ta bakin kasuwa, na bi ta gaban masu shayi, na tsaya a majalisa wai ina gyara takalmi. Kafin in kai gida dilan nan ya yi tsalle ya nufi maƙogwarona sau biyu, na goce, mun yi birgima cikin ƙaya. Wani ya ce ai kamar ya rame. Na ce irin masu gudu ke nan, ba sa tara kitse, su tsoho ya fi so.

A bayan ɗaki na feɗe shi, mai ɗakina na riƙe da tasa. Da na ciro huhun sai muka sunkuya muna duban sa mu biyu. Huhun akuya na san shi kamar tafin hannuna, ja-ja ne mai taushi, in ka matsa ya dawo. Wannan kuwa duk ƙuraje ne farare, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai gujiya, in ka taɓa da wuƙa sai wani abu ya fito kamar dambun da bai dahu ba. Gefe ɗaya ya yi toka-toka kamar tuwon da ya kwana uku a rufe.

Ta ce, "Maigida, haka shika?"

To ga tambaya. Shekara talatin ina sayar da huhun dila, yau ne na fara ganin sa. Tsoho a daji yake feɗewa, busasshe yake kawowa gida. Na gyara murya na ce, "Haka shika mana. Wagga tsaba da kika gani, ita ta maganin."

"Ka rantse."

Ban rantse ba.

Ta ajiye tasar ta ce, "Akuyarka ba ta taɓa kashe kowa ba. Wanga abu kuwa ban san shi ba, kai ma ba ka san shi ba. Ba ni shanya shi sai wanda ya sani ya gani."

Wa zan tambaya? Maharban yankinmu duk abokan tsoho ne ko 'ya'yansu. In je in ce musu, don Allah haka huhun dila yake? Gara in bar garin. Sai na tuna akwai malamin dabbobi da ke zama a kara, wajen cinikin shanu, ranar kasuwar Tambuwal, yana duba shanu yana yi musu allura, kuma washegari kasuwa ce. Na barbaɗa wa huhun gishiri, na naɗe shi a leda uku, da safe na hau babur ɗin kabu-kabu.

Malamin nan magidanci ne mai gilashi, da farar riga wadda ta daɗe da barin fari. Na jira ya gama da wani bijimi, na ja shi gefe na kwance leda. Na ce, "Malam, akuyata ta ta mutu, nika son a diba mani."

Ya sa safar roba, ya juya huhun sau ɗaya. Ya dube ni ta saman gilashi.

"Baba, wannan akuyar taka tana haushi?"

Ka ji fa. Shekara talatin ina mai da akuya dila, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Rana ɗaya tak na gwada mai da dila akuya, ko minti ba a yi ba aka kama ni.

Na ce dila ne. Ya ce ya fi kama da gaskiya. Ya tsaga ɗaya daga cikin ƙurajen, ya kai kusa da ido, ya ce ba zai yanke hukunci ba sai an kai ɗakin awo, amma ya taɓa ganin irin wannan a karnukan mafarauta, kuma makiyaya sun ba shi labarin diloli masu tari a bana. Ya ce, "Ka san funfunar da ke fitowa a hatsin da ya sha danshi? To akwai dangoginta da ke zaune a cikin ƙasa, musamman inda ganye ya ruɓe da inda tsuntsaye ko jemagu ke zubar da kashi. Dabba tana tono tana shaƙa, sai abin ya shiga huhu ya samu wurin zama, ya yi ta girma. Ka ga duk nan babu inda iska za ta shiga."

Na ce, "Wato dila ma shina tari."

"Duk mai huhu yana tari, Baba. Me za ka yi da shi?"

Na ce ajiya kawai. Ya ce in haƙa rami mai zurfi in binne shi da sauran gawar, in wanke hannu da wuƙa da sabulu, kada kare ko mutum ya kai bakinsa. Sannan ya ce, "Ba dai ka tona raminsu ba ko?"

Kafin in ba shi amsa na ji wani abu na yi mini susa a maƙogwaro. Na yi tari ɗaya. Na yi na biyu. Wallahi da lafiyata na zo kasuwar nan, amma nan take na ji tsabar gero na tsirowa a ƙirjina, har ina jin inda kowace take. Na kama hannun rigarsa na ce, "Malam, har kafaɗa na shiga."

Ya yi dariya har ya cire gilashi. Ya ce yawancin masu lafiya ko sun shaƙa ba abin da ke samun su, in dai na ga tari ya ƙi tafiya ko zazzaɓi in je asibiti. Tsoro kuwa ya kwance mini baki, na zayyana masa komai, da ladan da tela da akuya. Da ya ji kusan wata biyu ladan na tari sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Baba, ni na dabbobi ne, amma wannan ko ni na sani. Tarin da ya wuce mako biyu na asibiti ne, a auna kaki a ɗauki hoton ƙirji. Gobe ka kai shi."

Na ce to. Na fito daga kara da niyya mai kyau. Sai dai hanyar tasha ta layin mahauta ta bi, mahaucina kuwa na hango ni ya ɗaga wani huhu ja jawur yana kaɗawa, ya ce, "Baba, ga naka na aje maka!" Na tsaya. Na yi lissafi: gari duk ya gan ni da dila a kafaɗa. Ƙaryata ba ta taɓa samun shaidu irin na wannan karo ba. In daka wannan in kai wa ladan, wa zai ce uffan? Ba zan yi maka ƙarya ba, na saya. Na dawo gida da leda biyu, ɗaya na binne a bayan gari, ɗaya na shiga da ita aljihu na nufi gidan ladan, da nufin in nuna masa ɗanye don hankalinsa ya kwanta kafin a shanya.

Na same shi a zaure a kishingiɗe, ya cire riga don zafi. Ban san ya rame haka ba, babbar riga ke rufe shi. Ina sallama tari ya taso masa, na tsaya ina kallon haƙarƙarinsa na shiga suna fita da sauri. Jiya-jiya na ga irin wannan numfashi a ƙarƙashin sabara, na kuma ga inda ya ƙare.

Da ya samu kansa ya ce, "An ce ka yi kokawa. Ka kawo?"

Na zauna. Na ciro ledar na ajiye a tsakaninmu. Na ce, "Bawana, wanga huhun akuya na."

"Akuya kuma? Ina dilan?"

"Dilan tari ya kashe shi. Ni ƙasa na buga."

Ya dubi ledar, ya dube ni. Na ci gaba, tunda na fara: na ce na bara ma akuya ce, na bara waccan akuya ce, tun rasuwar tsoho ba wanda ya lashi dila a hannuna.

Na zaci zai tashi ya rufe ni da duka. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Ya nuna ni da yatsa, yana son magana dariya da tari sun haɗu sun hana shi, har hawaye. Da ƙyar ya ce, "Kai, Allah wadaranka! Shekara talatin nika wa'azi kan halal? Na hana mutane akuya? Ni da na kwana ukku nika neman sassauci cikin littafi, ashe ko yankan Musulmi ne!"

Na ce, "Yankan Musulmi, mai salla ma a sahun gaba."

Ya ce, "To yanzu mi za a yi da muryata?"

Na ce asibiti, gobe da safe, ni zan kai shi. Ya ce shi bai taɓa kwanciya gaban likita ba. Na ce ni ma ban taɓa faɗin gaskiya ba sai yau, kowa ya taɓa sabon abu. Huhun kuwa ba a yi asararsa ba, iyalinsa ta yi mana farfesu da shi, ya sha romo yana hararata.

Washegari muka hau kabu-kabu ɗaya, shi a tsakiya ni a baya ina riƙe da shi, har Tambuwal. Aka karɓi kakinsa, aka ɗauki hoto, aka ce mu dawo bayan kwana biyu. Muka dawo. Likita ya ce an gode Allah ba tarin fuka ba ne, ciwon ƙirji ne da aka bari ya daɗe, ga shi kuma ya yi ta tilasta wa maƙogwaro har ya kumbura. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce sharaɗi ɗaya: ya rufe bakinsa. Ba kira, ba hira, ba gardama, sai abin da ya zama dole, har mako biyu ko fiye. Ni ma na matsa na ce a duba ni, ina jin ciwon dila. Likita ya sa abin sauraro a ƙirjina da bayana, ya ce ba ya jin dila ko ɗaya, sai dai tabar da nake cusawa a hanci, in rage.

Ranar da muka dawo saura kwana goma azumi. Ni dai ban taɓa samun garaɓasa irin wannan ba. Taubashi a zaune, kunne a buɗe, baki a rufe da umarnin likita. Kullum da hantsi sai in je in tabbatar ya haɗiyi ƙwaya, sannan in zauna in yi ta. In tuna masa ranar da jaki ya kayar da shi gaban 'yan mata. In kwaikwayi tarinsa na lasifika. In ce, "Bawana, in ba ni ne ubangidanka ba ka musa." Sai ya ciji leɓe, ya ɗaga yatsa ya yi alama kamar mai ƙirga. Masu zuwa neman magani kuwa na riƙa ce musu diloli ba su da lafiya bana, ni ma na daina, mai tari ya tafi asibiti, mai son citta da zuma ga su nan. Rabinsu suka juya, wai citta ai akwai a gida.

Aka ga wata, tela ya karɓi kira. Kwana uku kacal gari ya gane abin da ya rasa. Koko ya huce a hannu, ƙosai ya sandare, ana jin kiran ƙauyen da ke ƙetaren fadama, namu telan na nan yana leƙen yamma. Mutanen da ba su taɓa gaida ladan da jiki ba suka fara aiko masa da zuma da lemo. Shi kuwa in magariba ta gabato sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Tari ya tafi, jiki ya fara dawowa, amma ranar shida ga wata da ya gwada a bayan gida, abin da ya fito ko kazar da ke gabansa bai kora ba. Ranar ban yi masa tsiya ba.

Ranar tara ga azumi da la'asar ya je wurin liman ya ce a ba shi yau. Liman ya ce akwai sauran gobe, kada ya yi gaggawa. Ya ce yau.

Na zo bakin masallaci tun rana na saman itace, na zauna da ƙoƙon kokona. Tela ya miƙa makulli, ya tsaya a gefe yana duba agogo. Rana na ɓacewa na ji lasifika ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu. Sai kabbara ta fito. Ba tsohuwar muryar ba ce, ta yi kauri ta yi ƙasa, ba ta da wannan jan da yake yi a ƙarshe. Amma ta fito a tsaye, ba ta tsage ba. Daga cikin gidaje na ji mata na guɗa ƙasa-ƙasa, ana ta buɗe kwanuka. A tsakiyar kiran ya tsaya, tsayawar da ta fi ta numfashi tsawo. Ya yi gyaran murya ɗaya, lasifika ta kai wa kowa, sannan ya ɗora har ya kai ƙarshe.

Da aka sallame, tela ya matso wajen makullin. Liman ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar shi inda shike." Telan ma har da ajiyar zuciya, ina jin shi kansa ya gaji da hararar gari.

Ina haɗa takalmana sai na ji an riƙe mini riga ta baya. Ladan ne. Ya nuna mini tabarmar da ke gindin bango ya ce, "Zauna, mahaucin banza. Kwana goma sha tara nika ƙirga."

Na zauna na ɗauki kokona. Ya naɗe hannun riga, ya fara daga zancen jaki, yana bi ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko guda, mutane suka taru ana ta dariya. Bai kai rabi ba lokacin isha'i ya yi. Ya miƙe ya ɗauki makulli, ya ce in jira shi nan, kada in motsa.